A Mayar wa Ƙasa Kwanonta

A bakin kicin ɗinmu a Funtua akwai wani koren bokiti mai murfi, kuma duk gidan an san ba a wasa da shi, domin ni ke kula da shi. Wata ƙungiyar manoma ce ta raba wa gidajen unguwa irinsa. Duk abin da ya rage na abinci, ɓawon dankali, guntun tuwo, ruɓaɓɓen tumatir, kwanson ƙwai, a ciki ake zubawa. Ranar Talata da Asabar da hantsi a fitar da shi ƙofar gida, Saratu, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta zo da keke mai buɗaɗɗen baya ta juye. Can bayan gari suke kaiwa, su haɗa da kashin kaji da ɓuntun shinkafa, su yi ta juyawa har ya zama taki. Gabanin damina, duk gidan da ya riƙe bokitinsa da kyau a ba shi rabonsa a buhu. Sharaɗinsu ɗaya ne: ban da leda. Gidan da aka yi wa magana bai ji ba, a ɗauke bokitin a kai wa wani.

Ni kuwa takin nan nake jira. Ina da gayauna a ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Kafur, ta kakata ce ta gangaro har ta zo hannuna. Ƙasar ta gaji. Masarar da aka shuka bara ko ƙuguna ba ta kai ba. Autana Kabiru, wanda nake zaune a gidansa, ya ce in bana ma haka ta yi, to a haƙura a sayar wa masu neman fili. Kallonsa kawai na yi har ya tuna yana da wurin zuwa.

Sai ga shi wata Asabar Saratu ta leƙo zaure ta yafito ni. Mutuniyar wajen Kafur ce, doguwa, mai yawan dariya, ranar Lahadi kaɗai ba a ganinta a gari don tana coci. Ta ɗago wata baƙar leda da safar hannunta, an ƙulle bakinta tam.

"Hajiya, ga abin da na sake tsinta."

"A bokitin wa?"

"A naki."

"Ki dai duba da kyau, 'yar Kafur. Ko idonki ya riga nawa tsufa?"

Ta yi dariya, amma ba ta sauke ledar ba. Ta ce, "Na rufa miki, na sake rufa miki. In na ƙara gani ba ni da bakin magana wajen masu bokiti. Ni kuma ba na son in riƙa wuce ƙofar nan ban sha faɗanki ba, jikina ya saba."

Na shiga gida raina a ɓace. Jikokina na fara tarawa, Ummi da Abba, na tsare su da ido. Ummi ta rantse. Abba ya rantse har ya tona abin da ba a tambaye shi ba, wai shi ya shanye madarar shayi. Na sallame su. Ban iya karanta abin da aka rubuta a jikin bokitin ba, amma fuska kam ina karanta ta, kuma waɗannan biyun ba su san komai ba.

Sai na koma gadi. Ranar Talata da sassafe na zauna bakin tagata da carbi, labule a ɗan ɗage. Can sai ga Asma'u, matar Kabiru, ta fito daga kicin. Yarinya ce mai hankali. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In na yi tari a ɗaki, sai ta gyara ɗankwali a tsakar gida. Na ga ta kwashe guntuwar shinkafar jiya da ta yi tsami ta zuba a baƙar leda, ta ƙulle, ta sake ƙullewa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta kai hannu can ƙasan bokiti ta ajiye a hankali kamar mai kwantar da jariri, sannan ta rufe da ɓawon doya.

Nan take na gane dalili. Saratu a ƙofar gida take juye bokiti, daidai gaban teburin mai shayi, inda maza ke zaune ba su da aiki sai kallo. Asma'u ba ta son a ce gidan Kabiru ana zubar da shinkafa, ba ta kuma son a ce kwana biyun nan tuwo kaɗai suke ci. Asirin gida take rufewa, da leda.

Na ajiye carbi, na cika baki da magana. Na san kuma in na sake ta, yarinyar nan za ta yini tana share hawaye a kicin, miya ta fito ba gishiri, ta ƙara ja da baya daga gare ni. Hannuna na kan labule sai wani abu ya faɗo mini a rai, wanda na yi shekaru ban tuna ba: kujerar Iya, da yadda ta juya ta wani dare. Na haɗiye maganata. Da ta shige ɗaki na lallaɓa na ciro ledar, na kwance na juye, tun Saratu ba ta iso ba.

Iya ita ce uwar babanmu. Gajeruwa ce, baƙa, mai kaifin ido, ba ta dariya sai da dalili. Waɗanda suka san ta suna cewa ni na ɗauko ta, ban taɓa musawa ba. Lokacin tatsuniyarta bayan kaka ne, an yanke dawa, an tsince auduga, rumbuna sun cika, sanyi ya sauka. Da an ci tuwo an yi isha'i, sai mu taru a ƙofar ɗakinta, mu 'ya'yan gida da na maƙwabta. Kowa da ɗan ɗaurin karan audugarsa. Wanda ya zo hannu biyu, bayan kowa zai zauna, inda sanyi ke cizo. Karan auduga yana ci da sauri, yana tartsatsi, yana da wani ƙamshi da har yau in na ji irinsa sai na nemi wurin zama. Mu binne dankali a toka, kowa ya sa ido a kan nasa, don akwai masu hannu da sauri.

Ita kuma ta zauna a 'yar kujerarta da mazari, alli a yatsa, tana kaɗi. Bakinta da hannunta tare suke tafiya. Muna gane inda tatsuniya ta dosa daga mazarin: in yana juyawa lafiya, to lafiya, in ya tsaya cak, kowa ya matso kusa da ɗan'uwansa.

Bayan kaɗi, abin da Iya ta fi ji da shi a duniya jujinta ne. Yana bayan ɗakinta, kusa da turken awaki. A gidanta ba abin da ke fita. Ƙasari na awaki ne, dusa ta tumaki, ƙanzo a shanya a jiƙa shi wata rana, abin da ya gagari kowa ya tafi juji. Da bazara Baba ya zo da jaki da mangala ya kwashe, ya zuba tsibi-tsibi a gayaunarta. Masarar gayaunar nan kuwa, mutum zai shiga da jaki a neme shi a rasa.

Innata ba 'yar ƙauye ba ce. Daga Malumfashi aka auro ta, ɗiyar tela, ta tashi a gidan da ba a san turke ba balle juji. Har ta haife mu duka Iya ba ta daina kiranta Amarya ba. Mace ce mai tsafta da kunya, in tana cin abinci baƙo ya yi sallama sai ta kife kwano. Na sha ganinta da sassafe tana fita ta ƙofar baya da wani ƙulli na tsumma a ƙarƙashin mayafi, ta jefa a tsohuwar rijiyar da ta ƙafe, ta dawo tana kakkaɓe hannu. Na gani, don tun ina ƙarama ba abin da ke wuce ni. Amma ban san me na gani ba.

To, daren da nake faɗi, mun zauna an hura wuta, sai Iya ta tashi ta ɗaga kujerarta. Kullum gabas take fuskanta. Ran nan sai ta juya ta, ta ba gabas baya, ta fuskanci madafa, inda Inna ke kankare tukwane. Dole muka tashi muka sake zama, ana ture-ture, har dankalin wani ya ɓace a hargitsin.

Iya tana da nata mabuɗin da ba na sauran tsofaffi ba. Ta buga mazari a tasa, ta ce, "Na sauke ta da zafinta. Wa ya zo da kwano?"

Muka ce, "Ga namu, Iya, zuba!"

Ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba, har akuya ta amsa daga turke.

Ta ce a can da, Ƙasa wata tsohuwa ce mai zama a ƙarƙashin gonaki, kuma tana ciyayya da kowane gida. Mu mun san ciyayya, kullum ana aiken mu da akushin tuwo gidan maƙwabta, mun kuma san matar da ke riƙe kwanon mutane sunanta ba ya daɗi a ƙauye. To ita Ƙasa Allah Ya hore mata girki, ba ta gajiya, amma ba ta aiko da abinci a buɗe. Masara ta sa mata riga. Gyaɗa ta rufe ta a kwanso. Dankali ta naɗe shi da ɓawo, dawa ta lulluɓe ta da ƙaiƙayi. Waɗannan su ne kwanukanta. Ba ta neman tukuici. A ci, a ƙoshi, a mayar mata da kwano, shi ke nan. Mutanen garin kowa ya tara nasa a bayan ɗaki, da bazara jaki ya kai mata.

Sai wata mata, Dije, mai kunyar da ta wuce misali. In gidanta an ci mai daɗi, ba ta son a gani a ce tana nuna arziki. In an ci marar daɗi, ba ta son a gani a tausaya mata. Don haka duk abin da ya rage sai ta ƙulle a tsumma ta jefa rijiya.

Wani yaron maƙwabta ya ce, "Iya, wai ƙasa tana da hannun girki?"

"A tatsuniya har turmi yana zuwa kasuwa. Rufe baki, hayaƙi na shiga."

Damina ta zo, tsohuwa Ƙasa ta duba jerenta ta ga giɓi. Ta ce, wataƙila mantuwa ce. Ta aika wa Dije a 'yan ƙananan kwanukan da suka rage. Wata damina ta sake dubawa, giɓi ya ƙaru. Ta ce, wataƙila ba ta jin daɗi ne. Ta aika a murfi. Da damina ta sake zagayowa, ta lalubi jere ta ji wayam. Ga girki ta gama, ga tururi na tashi, babu abin zubawa. Ta ce, to, ni dai ba zan hana maƙwabciya abinci ba. Sai ta aika haka nan.

Nan mazari ya tsaya.

"Dije ta je gona da safe," in ji Iya, "me za ta gani? Masara ce tsaye reras, tsirara haihuwar uwarta! Ba riga, ba zane. Kowace ta jawo gemunta tana ƙoƙarin rufe jiki, gemun bai kai ba. Masu wucewa suna salati suna kawar da kai. Limamin gari ya biyo ta hanyar, ya ja rawani ya rufe ido, ya yi karo da bishiyar kuka."

Mu kuwa me za mu yi ban da dariya? Wata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Iya ko murmushi ba ta yi ba. Ta jira muka gama, ta ci gaba. Ta ce kafin azahar tsuntsaye sun tsince masarar tas. Gyaɗa ba kwanso, tururuwa suka yi biki. Dankali ba ɓawo, ya narke a kunya. Dije mai gudun a ga guntun tuwonta, sai ga gonarta duk gari ya fito kallo.

Ta zauna a kan kunya tana kuka. Sai ta ji murya daga ƙasa, irin ta tsohuwar da ba ta da haƙora.

A nan Iya ta shigar da leɓɓanta ciki ta yi muryar. "Ke Dije, ina kwanukana?"

Ta siranta murya ta yi ta Dije. "Gwaggo, kunya nake ji a ga abin da muka ci."

"Wa ya dafa? Ni na aiko, ni za ki ɓoye wa?"

"Ba ke ba, Gwaggo. Mutane."

"To ki rufe mana! Wa ya ce ki kawo a buɗe? Ki yayyafa toka a kai, ki lulluɓe da ganye, duk ina so, da su nake wanke kwanon. Amma kada ki ƙulle. Dube ni da kyau. Ina da ciki, ina da baki, ba ni da yatsu. Ƙulli ya fi ƙarfina."

Dije ta nemi igiya ta shiga rijiya. Ta tarar da ƙulle-ƙullenta jibge, abin da ke ciki bai mutu ba bai yi rai ba, sai wari. Wani kwaɗo na zaune a kai ya toshe hanci, da ya gan ta ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, yau ma sha iska." Ta yi ta fitarwa tana kwancewa har farcenta suka kakkarye. Ta tara a bayan ɗaki, ta rufe da toka, ta share gefen da tsintsiya har ya fi ɗakin wasu kyau. Da bazara jaki ya kai. Damina na sauka masara ta fito da riga a kan riga, sai an yi da gaske ake tuɓe ta.

Iya ta naɗe zarenta, ta ce, "Na kankare tukunya. Kowa ya lashe hannunsa."

Abin da na riƙe daga daren nan, wanda ban ba shi muhimmanci ba a lokacin, shi ne tun daga inda masara ta fito tsirara, ƙarar kankarar tukunya ta tsaya a madafa. Sai da Iya ta rufe, sannan muka ji muryar Inna a hankali.

"Iya, a ƙaro kara?"

"A ƙaro, Amarya. Ki zo ki sha wuta, ruwan nan da sanyi."

Inna ta zo ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba ba. Iya ta tono dankali daga toka, ban san na wa ba, ta ɓare ta miƙa mata rabi.

Washegari na ga sabon tsibi a juji, an rufe shi da toka, an share gefensa da tsintsiya. Iya ta tsaya a kai hannu a baya. Ba ta kira kowa ba. Akuya ta kalla ta ce, "Kin gani ko? An fara mayar da kwano."

Mu yara mun ɗauka da mu ake. Muka shiga tsintar kwanson gyaɗa a duk inda muka gani, mu ruga juji mu jefa, mu ce, "Gwaggo, ga kwanonki!" Har faɗa muke yi a kan ɓawon rake. Na girma, na yi aure, na haifa, na aurar, Iya ta rasu, Inna ta rasu, Allah Ya jiƙansu, ni dai a wurina tatsuniyar masara tsirara ce, ta dariya, mai koya wa yara tara taki. Sai a bakin tagar nan, da furfurata, ina kallon Asma'u da baƙar leda, na gane mu ba komai ba ne a daren nan illa 'yan rakiya. Saƙon na madafa ne.

Da yamma ran nan na ce Ummi ta hura mini gawayi a kasko ta kawo tsakar gida. Allah Ya taimake ni, ana idar da magariba aka ɗauke wuta, talabijin ya mutu, yara suka rasa abin yi. Na binne dankali. Na jawo kujerata daga inda take kullum, na juya ta ta fuskanci ƙofar kicin, inda Asma'u ke wanke-wanke da fitilar waya.

Abba ya ce, "Kaka, yau kuma hayaƙi kike so ya bi ki?"

Na ce, "Zauna, maigidan da ba ya cefane. Na sauke ta da zafinta. Wa ya zo da kwano?"

Suka tsaya suna kallona. Sai da na koya musu amsa. Yaran yanzu komai sai an koya musu.

Na ba su ita yadda Iya ta ba mu, ban rage ba. Ba ni da mazari, sai na riƙe mafici. Muryar tsohuwa marar haƙora ba ta ba ni wahala ba, don nawa ma sun fara sallama. Da na zo wurin liman da kuka, Ummi ta yi dariya har da tari. Na kasa kunne: ƙarar famfo ta tsaya a kicin. Na ƙara murya. Na ce Dije a baƙin tsumma take ƙullewa, mai santsi, mai ƙara in an taɓa.

Abba ya miƙe zumbur. "Lah! Kaka, ai irin ledar da Mama—"

Ban san ina da sauran sauri haka ba. Kafin ya ƙarasa na cusa masa dankali a baki. Na ce, "Ci, ya huce. Ba a katse babba."

Zuciyata ta ce, shi ke nan, yaron nan ya ɓata mini aiki. Sai na ji wani sauti daga kicin, kamar mai shaƙewa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce take dannewa da mayafi, ta ƙi dannuwa. Na daure fuska na kai tatsuniyata ƙarshe, har da kwaɗo. Da na kankare tukunya, na ce wa iska, "In akwai mai jin sanyi a gidan nan, ga wuta." Ta fito, kai a sunkuye, ta zauna bayan Ummi. Na ɓare dankali na miƙa mata rabi. Hannu biyu ta sa ta karɓa.

Ranar Asabar na fita zaure da kaina. Masu shayi suna nan a inda suke, kamar an dasa su. Saratu ta buɗe murfi, sai busasshen ganyen mangwaro a sama, wanda ake sharewa a tsakar gida. Na ce a raina, to, wannan ya rufe sama, in an kifa fa? Ai na ƙasa ne zai dawo sama, kowa ya gani. Saratu ta ɗaga ta kifa a keke. Sai ga wani ganyen ya zubo ya lulluɓe komai ruf. Ashe yarinyar nan ta shimfiɗa ganye a gindin bokiti tun kafin a fara zubawa, ta san gindin ne zai koma kai. Masu shayi ba abin da suka gani sai shara. Wannan dabarar ko Iya ba ta zo da ita ba.

Saratu ta tona da sanda, ta tona, ba ta sami komai ba. Ta ce, "Hajiya, wa kika yanka?"

"Ban yanka kowa ba."

"Ke ɗin? To me kika yi?"

"Dankali na gasa."

Ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ce ganyen nan ma suna nemansa, ya fi sa takin ya yi laushi, za ta gaya wa sauran gidaje. Na ce ta gaya musu, amma ta ce daga gidan Kabiru aka fara. Ta dawo mini da bokitina, ta hau keke tana dariya.

Buhunanmu sun zo kafin ruwan farko. Baƙin taki, mai sanyi a hannu, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Na sa Kabiru ya kai ni ƙauye da kansa, na tsaya a kansa har aka watsa. Ba zan ce masarar bana ta ɓatar da mai jaki ba, ban saba ƙari a magana ba. Ƙasar da ta daɗe da gajiya ba ta farfaɗowa a damina ɗaya. Amma ta wuce kaina, kuma da rigarta. Ranar da aka kawo ta fari aka gasa, Kabiru ya ci, ya ƙara, ya ce, "Hajiya, baɗi sai mu gwada waken suya a gefen gabas." Maganar masu neman fili ban sake jin ta ba, ni ma ban tayar ba.

Yanzu in na zauna ina kallon bokitin nan, Iya nake tunawa. An ce mai zafi ce, kuma gaskiya ne, ta iya faɗa, na sha shi. Gidanta ne, jujinta ne, da ta ga dama da rana tsaka za ta tsaya a tsakar gida ta kira Inna ta wanke ta tas a gaban kowa, ba mai cewa don me. Amma ta duba ta ga abin da ke sa Inna zuwa rijiya ba lalaci ba ne, kunya ce, kuma kunya ba abin da ake tumɓukewa ba ne a jikin mace, wuri kawai ake canza mata. Sai ta tara yara, ta ƙona kara, ta ɓata dare guda, don magana ta isa madafa a rufe. A rufe, amma ba a ƙulle ba. Ni na yi shekaru ina ganin in ka ga kuskure, faɗarsa a take shi ne gaskiya. Har yanzu ina faɗa, kada wani ya ɗauka na canza. Sai dai nakan tsaya in duba ko akwai dankali a gida.

Jiya da rana Asma'u ta kawo mini tuwon masarar gayauna da miyar kuɓewa, an rufe da faifai. Ta durƙusa ta ajiye. Ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta juyo, ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido.

"Hajiya, in an gama a taimaka a mayar mini da kwanona. Jerena ya fara giɓi."

Na harare ta, don kada ta saba. Ta fita da gudu tana dariya.

Na cinye tuwon tas. Na wanke kwanon da hannuna, na kai mata har kicin.